Allurar gejin mai ta kwanta a E: me za a fara dubawa?

Malam Usman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla ce ƙirar 2005, allurar gejin mai ta kwanta a E ko an cika tanki, fitilar gargaɗi ma ba ta mutuwa. An ce sai an sayi famfon mai sukutum a Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos. Masu sana'a, me kuka gani?

Oga Sale Rewaya: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ciro kuɗi tukuna, a auna. Abu uku ne kawai a hanyar: fulot da ke cikin tanki (abin da ke yawo a saman mai yana auna yawansa), wayar da ta taho da saƙo, sai gejin da ke dashbod. Fara da fiyus. In allurar zafin inji ma ta mutu tare da ta mai, laifin ba na tanki ba ne, ko fiyus ko wutar dashbod. In ita kaɗai ce, ɗaga kujerar baya, akwai murfi a ƙarƙashi, soket ɗin famfo yana nan. Wayoyi masu kauri na famfo ne, a bar su. Siraran su ne na geji. Cire soket, kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka taɓa siririyar wayar geji da jikin mota na ɗan lokaci. A Toyota irin wannan allura za ta kama hanyar F. Ta tashi? To waya da geji lafiya lau, matsalar tana cikin tanki. Ba ta motsa ba, a bi waya har dashbod.

Injiniya Bello: Haka ne Oga, sai dai ni ban so a haɗa wayar kai tsaye da ƙarfe. A sa ƙaramin razisto (abin rage ƙarfin wuta, ana auna shi da om) mai om 50 a tsakani, allura za ta tsaya wajen rabi, babu fargabar ƙona komai. Kuma a jira ta, an yi gejin ne ya riƙa motsi a hankali don kada girgizar mai ta sa shi rawa. Hanya mafi tabbas ita ce maltimita, na'urar auna wuta da om. Fulot ɗin tsofaffin Toyota yana ba da kusan om 3 ko 4 in tanki ya cika, kusan 110 in ba mai. A ciro shi, a ɗaga hannun fulot ɗin a hankali ana kallon mita. Lamba ta riƙa sauka sumul. In ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, farantin da ɗan ƙarfen hannun fulot ke gogawa ya cinye a nan. Shi ya sa wasu motoci ke nuna daidai daga F zuwa rabi, sannan allura ta faɗi dungum.

Alhaji Garba mai kayan gyara: Malam Usman, ana samun fulot shi kaɗai, ba dole sai da famfo ba. Amma ka zo da tsohon a hannu, a kuma auna na kanti a gabanka. Kama da ido ba ta isa ba. Na Corolla daga 2009 yana kaiwa sama da om 400 in tanki ba mai, na Ford da yawa kuma akasin Toyota suke, lambar tana hawa ne in mai ya ƙaru. Ka sa wanda ba naka ba, geji ya riƙa yi maka ƙarya. Ka haɗa da sabuwar robar bakin tanki, tsohuwar takan kumbura ta ƙi zama, warin fetur ya cika mota.

Baban Khalifa, Farin Gada: Tambaya ɗaya Malam: an taɓa canza famfon kwanan nan? Rabin aikin geji da ke shigowa gareji daga nan yake. Wajen mayar da famfo sai a lanƙwasa hannun fulot, ko ya maƙale a jikin tiyo, ko a manta ɗan soket na ciki. A girgiza fulot ɗin ma a kunne, in ya sha mai ya yi nauyi nitsewa zai yi, allura ta zauna a E har abada. In baƙin datti ne kawai a farantin, auduga da feshin wanke kayan wuta sun isa. Samfefa kam a'a, zanen siriri ne, gogewa zai yi. Kuma garin nan namu na Jos tudu da gangare ne, a ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri kafin a yanke wa geji hukunci.

Malam Usman: Wata biyu ke nan da canza famfon, Baba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a buɗe.

Injiniya Bello: To a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, mai ƙasa da kwatan tanki. A cire soket ɗin famfo, a tada inji har ya mutu da kansa don matsin mai ya sauka, sannan a kwance nagetif na batir. Ba sigari, ba fitila mai waya, ba a buga ƙarfe da ƙarfe a bakin tanki. In akwai sikana, na'urar karanta matsalar mota, a sa ta, P0460 zuwa P0463 duk lambobin matsalar layin fulot ne.

Oga Sale Rewaya: Kafin a gyara, duk sanda ka cika tanki ka mayar da mitar tafiya sifili. Tankin lita 50 ne, ka riƙa ƙara mai da wuri, don fetur ne ke sanyaya famfo, in yana zuƙar iska ƙonewa zai yi.