Mu huɗu daga Kano za mu je buga golf a bakin tekun Sikotilan, muna neman shawara

Abban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne da muke haɗuwa a filin golf na Kano duk Asabar da safe, kuma mun daɗe muna cewa wata rana sai mun taka filayen bakin teku na Sikotilan. Bana dai mun ce maganar fatar baki ta isa, kowa ya fara ware kuɗinsa. Mako guda muke da shi, wani lokaci tsakanin Mayu da Satumba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai Old Course ne, tsohon filin golf na garin St Andrews. Tun da na kalli gasar Open ta 150 a 2022, ranar da Cameron Smith ya rufe zagayen ƙarshe da bugu 64 ya ɗauki kofi, nake son in ga wurin nan da idona, in tsallaka 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan da ƙafata. To amma kanmu ya rabu. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi mu zafin nama, ya zana hanyar filayen da za mu buga: St Andrews, a haura Royal Dornoch, a gangaro Royal Troon, a tsallaka teku zuwa Royal Portrush, wai tunda an kashe kuɗin jirgi a kwashe komai lokaci guda. Zuciyata ba ta kwanta da wannan tsarin ba, sai dai ba ni da hujjar da zan ba shi.

Yaya ake samun gurbi a Old Course? Wane wata ya fi? Ga maganar salla da abinci, ga kuma babbanmu, Alhaji, wanda gwiwa ke damunsa. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana don Allah.

Injiniya Bompai:

Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Allah Ya sa a je a sa'a. Ka gaya wa abokinka cewa daga St Andrews zuwa Dornoch kusan awa huɗu ne a mota, ana tuƙi a hannun hagu, kan hanyoyin da ba ku saba da su ba. In kun bi tsarinsa, rabin makonku zai ƙare a loda jakunkuna da sauke su. Ku kama gida ɗaya a St Andrews ko wani ƙauye kusa da shi a yankin Fife, ku ajiye kaya, kullum ku fita ku dawo.

Kuma kada ku rataya tafiyar gaba ɗaya a wuyan Old Course. Yawancin baƙi ta hanyar ƙuri'a suke samun shiga. Kuna sa sunayenku kwana biyu kafin ranar da kuke so, kafin ƙarfe biyu na rana, mutum biyu zuwa huɗu, sakamako ya fito da yamma. Ranar Lahadi ba a wasa a filin, shi ya sa ba a ƙuri'a ranar Juma'a. Ana iya dacewa tashin farko, ana kuma iya gama makon ba a dace ba, musamman a Yuli da Agusta da Amurkawa ke cika garin. Dole kowa ya zo da shaidar handikaf ɗinsa, wato lambar da ke nuna matsayin iya wasansa, kada ta wuce 36, don haka ku karɓi takarda daga kulob tun kuna gida. A 2024 kuɗin zagaye ɗaya a lokacin cunkoso fam 320 ne, ban da kadi, wato mai ɗaukar maka jakar sanduna yana ba ka shawara.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a jikin Old Course ɗin akwai New Course, wanda duk da sunansa tun 1895 yake, ga Jubilee na 1897 da ya fi kusa da teku, iska kuma ta fi dukansa. Ƙasa ɗaya ce, yashi ɗaya, kuɗin bai kai ba, samun gurbi ya fi sauƙi. In kun bi gaɓar teku ta kudu akwai Kingsbarns, mai kyau ƙwarai amma da tsada, sai Crail, kulob ɗin da aka kafa tun 1786, sai Elie. A Elie na fi jin daɗi. Bugun farko tudu kake fuskanta, ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka, shi ya sa suka ɗauko madubin leƙe na wani tsohon jirgin yaƙi mai nutso suka kafa a ɗakin mai ba da izinin farawa. Sai ya leƙa ya ga na gaba sun wuce sannan ya ce ka buga.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan. Filayen nan ba irin na Ikoyi ko na IBB a Abuja ba ne, inda ciyawa ke da taushi, ka ɗaga ƙwallo sama ta faɗo ta tsaya. Can yashin teku ne a ƙarƙashi, ruwa ba ya zama, ƙasa tauri gare ta, babu bishiyar da za ta tare maka iska. Wanda ya ɗaga ƙwallo sama, iska ta ɗauke ta ta kai ta cikin ƙaya. Mu 'yan Kano muna da abin da ba mu san darajarsa ba: duk wanda ya yi wasa a nan cikin Janairu da Fabrairu, ƙasa ta bushe ƙamas, hunturu na kaɗawa, ya riga ya san yadda ƙwallo ke gudu bayan ta sauka. Wannan hannun za ku tafi da shi. Daga yanzu ku riƙa ɗaukar sanda mai lamba 7, ku ja ƙwallo baya kusa da ƙafar dama, ku rage ƙarfi, ku sauke ta tun kafin girin, wato shimfiɗar da ramin yake, ta gangara da kanta. Ku saba da buga fota, sandar gangara ƙwallo zuwa rami, daga nesa, ko taku talatin ne a wajen girin. In kuma kun faɗa ramin yashi, ku sani ba irin namu ba ne. Bangonsa a tsaye yake, an jera shi da yankakkiyar ciyawa hawa-hawa, wani ya kai tsayin mutum. Old Course kaɗai yana da 112. Ka fitar da ita ta gefe ko ta baya, ka karɓi asarar bugu ɗaya ka wuce.

Kadi kuwa ku ɗauka a ranar farko ko da ɗaya ne ku raba kuɗinsa. Zai nuna maka hasumiyar coci ko wani bene can nesa ya ce nan za ka saita, kai kuma idonka na ce maka ba can ba ne. Bi nasa.

Maman Ihsan:

Sannunku Abban Khalifa. Ni ba na buga golf, amma 'yar Gwammaja ce, aure ya kai ni Dundee, kuma daga nan zuwa St Andrews bai fi rabin awa ba in an tsallaka gadar kogin Tay. Bari in taɓa maganar salla, don ita ce ke rikita baƙinmu.

A watan Yuni rana tana fitowa tun wajen huɗu da minti ashirin na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare. Ka yi Magariba, ka jira Isha, kafin ka runtsa Asuba ta yi. Wanda zai taka fili na awa huɗu da ƙafa washegari zai ji a jikinsa. Ku zauna da malaminku tun a Kano ya yi muku bayanin ƙasaru da haɗa salla na matafiyi, ku kuma sauke jadawalin babban masallacin Dundee a waya. Da ni ce zan zaɓi Mayu ko farkon Satumba, dare ya ɗan yi tsawo. Alƙibla kudu maso gabas take.

Tsawon ranar kuma yana da amfaninsa. Ranar Juma'a ku zo nan Dundee ku yi salla, ku sayi naman halal a shagunan da ke garin ku sa a mota, ku wuce filin golf na Carnoustie, kamar minti ashirin da biyar ne. Ko ƙarfe huɗu na yamma kuka fara za ku gama da haske.

Karin kumallon otal ku yi hattara da shi. Akwai naman alade, akwai kuma wani baƙin abu zagayayye da jini ake yin sa. Ku nemi ƙwai da kunun hatsin ot ɗin nan nasu da ƙyafaffen kifi. Soyayyen kifi da dankali na Anstruther ya yi suna, amma ku tambaya ko an sa giya a ƙullun da ake tsoma kifin, wasu wuraren suna sawa. Ku taho da yajinku da garin kunu. Kilishi ku bar shi a gida, ba a yarda a shigo da nama Birtaniya daga Najeriya ba. Sanyi kuma kada sunan bazara ya ruɗe ku, zafinsu da kyar yake kai digiri 20, in iska ta taso daga teku har cikin ƙashi. Rigar ruwa da wandonta, hular sanyi, da takalmi ƙafa biyu don ɗaya ya bushe.

Ɗan Fagge:

Yallaɓai, biza kafin komai. Ta ziyara ce ta wata shida, ba a nema sai ya rage wata uku a tafi, kuma yawanci mako uku ake jira. Filaye irin su Carnoustie da Kingsbarns tun da wuri ake biya, ku karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ku tura ko fam ɗaya. Ka kuma gaya wa mai son tsallaka teku: Portrush a Ayalan ta Arewa yake, bizar Birtaniya ta isa, amma da zarar an shiga Jamhuriyar Ayalan ɗan Najeriya sai da wata bizar daban.

Jirgi, ni da a ce ku tashi daga nan Malam Aminu Kano ta Doha ku sauka Edinbura, tikiti ɗaya, a auna jakar sanduna a nan ku karɓe ta can. Daga Edinbura zuwa St Andrews kamar awa ɗaya da rabi ne. Mutum huɗu da jakar golf huɗu ba sa shiga ƙaramar mota, ku yi hayar babba, ku kuma faɗa musu otomatik kuke so, in ba haka ba mai giyar hannu za su ba ku.

Abban Khalifa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, na gode ƙwarai, maganar daren Yuni ba ta taɓa zuwa mini ba. Na tura wa mutanena duk abin da kuka rubuta, kuma mai zanen hanya ya sauko, da sharaɗin a bar masa Carnoustie don ya ga rafin Barry da ya jawo wa ɗan wasa Jean van de Velde asarar gasar Open a rami na ƙarshe a 1999. Mun fi karkata ga Mayu, in bai yi karo da Babbar Salla ba. Injiniya, saura gwiwar Alhaji. Ana ba da motar fili a can?

Injiniya Bompai:

A Old Course ba a bayarwa sai ga mai takardar likita da ke nuna lalura ta dindindin, kuma kadi ne ke tuƙa ta. Ku rubuta musu tun yanzu ku ji abin da za su karɓa. In ba ta samu ba, a ɗaukar masa kadi kullum don kada ya ja kaya, ku kuma sa masa ranar hutu a tsakiya. Cikin sauran filayen St Andrews, Eden da Strathtyrum shimfiɗaɗɗu ne, za su yi masa sauƙi, Castle Course kuwa hawa da gangara ne, ku cire shi. Ku yi ƙoƙari ku sauka ranar Asabar da safe ku sa suna a ƙuri'ar Litinin kafin ƙarfe biyu. Lahadi filin a buɗe yake ga kowa, mutanen gari na yawo da 'ya'yansu, sai ku taka rami na 17 da na 18 a hankali, Alhaji ya gwada ƙafarsa kafin a biya kuɗi.