Yaro yana zuba karatu da ka, amma bai iya karanta kalma ɗaya ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Yaro ne ɗan shekara 7, yana aji biyu na firamare. In an buɗe masa littafinsa sai ya zuba karatu tiryan-tiryan, amma in aka ɗauko kalma ɗaya daga shafin aka rubuta a wata takarda, sai ya yi zuru. Yana kuma juya b ta koma d. Matsalar ƙwaƙwalwa ce ko ta koyarwa? Ta ina za a fara?

Malamar aji ɗaya:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan hadda ce, ba karatu ba. Ya ji ana maimaita shafin a aji har ya zauna masa, hoton da ke gefe kuma yana tuna masa inda aka tsaya. Ku ajiye littafin tukuna.

A fara da kunne kafin ido. Ka ce masa "ra… na", ya haɗa ya ce "rana". Ka ce "tafi", ya tafa hannu sau biyu, gaɓa biyu ke nan. Ka tambaye shi sautin da ya fara ji a "mama". In bai iya raba kalma da baki ba, ba zai iya raba ta a takarda ba.

Daga nan sai wasula biyar: a, e, i, o, u. Sai baƙaƙe, biyu ko uku a mako, kuma sautinsu za a koya masa, ba sunansu ba. Nan ne akasari ake kuskure: yaron da ya san b da sunan "bi", in ya ga "ba" sai ya ce "bi-a". Da m, n, k da wasula kaɗai zai karanta mama, nama, kama, kuka, nema. Ranar da ya haɗa kalma da kansa za ka ga fuskarsa ta canza. A rubuta gaɓoɓin a ƙananan katuna, a riƙa cakuɗa su, don in kullum "ba be bi bo bu" ake bi a jere, ita ma waƙa za ta zama. Su ɓ, ɗ, ƙ, ts da sh a bar su sai ƙafarsa ta tsaya.

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar hutu. Kuma don Allah ban da bulala, yaron da ke tsoro canke yake yi don ya tsira.

Mai horar da malamai:
Na yarda da Malama, sai dai a auna shi kafin a fara. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana da gwaji mai sauƙi mai hawa-hawa: harafi, kalma, gajeren sakin layi, labari. Inda yaro ya tsaya, nan ake fara koya masa, ba a duba ajin da yake. Ka ƙara da kalmomin da ba su da ma'ana, kamar "numo" ko "kemi", waɗannan ba yadda za a yi ya haddace su. A maimaita gwajin duk bayan mako huɗu.

Kada kuma a tsaya a haɗa baƙi. Kwamitin da ya yi bitar binciken koyar da karatu a Amurka a 2000 ya lissafa abubuwa biyar, har da yawan kalmomi da fahimta. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala rubutunsu ɗaya, jimla ce ke bambanta su. A riƙa karanta masa labari, a tambaye shi wa ya yi me, don me.

Malamin yara masu buƙata ta musamman:
Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, shi kaɗai ba cuta ba ne. Kada a koya su a mako ɗaya. Ya rubuta b da yatsa a kan yashi yana furta sautin, ya fara jan sandar harafin tukuna sannan ya zana cikinsa.

Amma ɗan'uwa, a kai shi a duba ido da kunne. Kunnen da ke yawan ciwo ko zubar da ruwa yana rage ji, sautuka su cakuɗe masa. In lafiyarsu lau, an kuma yi wata uku zuwa shida ana koyarwar nan kullum bai motsa ba, musamman in ya yi jinkirin fara magana ko akwai mai irin wannan wahala a dangi, a nemi ƙwararre ya auna shi ko disleksiya ce, wato matsalar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Littattafan makarantarsu na Turanci ne, farawa da Hausa ba zai rikita shi ba?

Malamar aji ɗaya:
Ba zai rikita shi ba Malam. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyon ta, kuma ta fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. Baƙaƙe irin su m, n, b, d, k sautinsu kusan ɗaya ne a Turanci. Wasulan ne ke sauyawa, su za a zauna a koya masa daban in lokacin ya yi.