Da wane abinci ya kamata mai koyon girki ya fara?

Ɗalibi a Yamai:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ni ɗan Tawa ne, ina karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma sayen abinci a waje kullum ya fi ƙarfin aljihuna. Na tanadi ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, da tukunyar girki da muciya. Da wane abinci zan fara, kuma yaushe zan iya tunkarar tuwo?

Inna daga Tawa:
Wa'alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka fara da shinkafa da wake, domin ita ce za ta koya maka sanin ruwa da wuta. Wake ake fara zubawa da ɗan guntun kanwa, sai ya kusa nuna, har kana iya murƙushe ƙwaya ɗaya da yatsu, sannan ka wanke shinkafa ka zuba a kai. Idan ruwa ya kusa tsotsewa ka rage wuta, ka rufe, kada ka riƙa juyawa. Ka soya albasar Galmi a man gyaɗa, ka haɗa da yaji.

Uwargida a unguwar Wadata, Yamai:
Na yarda da Inna, amma ƙanena, kada ka ji tsoron tuwo, sirrinsa yana wajen talge. Ka dama gari kaɗan da ruwan sanyi, ka zuba cikin tafasasshen ruwa kana juyawa, ka bar shi ya dahu sosai, saboda talgen da bai nuna ba shi ke sa tuwo ya yi ɗanye kuma ya saki. Daga nan ka riƙa barbaɗa busasshen gari kaɗan-kaɗan kana tuƙawa da muciya, kana danne gudaji a jikin tukunya, sannan ka rufe ya turara a ƙaramar wuta. Garin masara ya fi na hatsi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Miyar kuka kuwa, sai daddawa da kayan miya sun dahu ake barbaɗa kukar ana burgawa da maburgi.

Wani tsohon ɗalibi:
Ƙanena, tunda a ɗaki kake girki, ka bar taga a buɗe. Idan ka ji warin gas, kada ka ƙyasta ashana. Ka rufe tukunyar gas ɗin, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗarta, inda ya yi kumfa nan ne take yoyo.