Musayar Waƙa a Kan Kalmar Caji

Ɗan Kurmi:
Bature ya ce "charge", mu muka ce caji,
Waya in ta mutu, maza a kai ta caji,
Ɓarawo ya shiga hannu, sai ofishin caji,
Banki ya zare naira 50, wai kuɗin caji.
'Yan'uwa, wanne ne na asali?

Gimbiyar Zazzau:
Ɗan Kurmi, amsa-amonka ya yi rauni,
Caji sau huɗu, haba, ka gundure ni,
Matso kusa, ƙanena, ka sha bayani,
Asalinta a Latin ɗora wa amalanke kaya ne tun wancan zamani.

Maman Hanifa:
Allah ya ja zamaninki, Gimbiya! Zariya gidan ilimi. Ashe shi ya sa batir ma lodi ake yi masa, mai laifi kuma a ɗora masa tuhuma.

Ɗan Kurmi:
Yaya, ɗangonki na huɗu ya fi amalanke tsawo,
Jaki biyu sun gaza, an ce a jawo,
Kin tafi Rum neman kalma, kin sha yawo,
Sukuwar dawaki ma caji ce, zo Hawan Daushe ki gano.

Malam Na-Gobir:
Tsaya. "Gano" ba ta hau "tsawo" da "jawo" ba, harafin ya sauya. Wanda bai riƙe ƙafiya ba, da wane bakin zai auna ɗangon wani?

Bakano Na Asali:
Malam, kunne ke yanke hukunci. Rera shi ka ji, ya zauna daram. Zagezagi kawai kake karewa.

Malam Na-Gobir:
Na rera sau uku. Ɗingishi yake. Na Gimbiya ma ya zarce da gaɓa sha ɗaya, ban ƙyale kowa ba.

Gimbiyar Zazzau:
Goma, Malam. Sake ƙirgawa.

Baba Mai Caji:
Ku yi haƙuri, sai yau na ga zaren, tun jiya janareto ke wahalar da ni.

Ku kuna gardama, ni ina bakin tasha,
Soket 40 a allo, inji na ta ƙugi kamar zai fasa,
Kowace waya da lambarta a manne, kar a yi asara,
Caji a wurina tuwon yara ne da kuɗin makaranta.

Malam Na-Gobir:
Baba, Allah ya sa albarka a sana'a. Amma tasha, fasa, asara, makaranta? Gimbiya, sha ɗaya ne, na sake ƙirgawa.