Yaya ake zana ƙwan Ista a Romaniya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na ga ƙwayayen da Kiristocin Romaniya suke ƙawatawa lokacin bikin Ista, kuma siririn zanen ya ba ni mamaki matuƙa. Don Allah, da me suke yin sa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Da kakin zuma ne. Bayan an tsiyaye abin da ke cikin ƙwan, sai a zana layuka da narkakken kaki ta wani ɗan alƙalami mai bakin ƙarfe, sannan a tsoma shi a rini, daga rawaya zuwa ja, baƙi a ƙarshe, ana rufe duk launin da ake son tsarewa da kaki kafin tsomawa ta gaba. Idan aka ɗumama ƙwan aka goge kakin, zanen duka ya bayyana.

Amsa ta biyu:
Yankin Bukobina da ke arewacin ƙasar ne ya fi shahara da wannan sana'a, har ƙauyen Ciocănești yana da gidan tarihin ƙwayayen. Ni ƙahon rago da zangarniyar alkama da suke zanawa sun fi burge ni.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ashe haƙuri ne jarin aikin.