Na ajiye kaki na kama koyon tayil, ga aiki ya zo ina tsoron karɓa

Tsohon Saje: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekara 19 na yi a soja. Na yi Jos, na yi Maiduguri, na yi Monguno. A can motarmu ta faɗa rami da dare, gwiwar hagu ta bugu, har yau in hunturu ya shigo sai in ji kamar ana buga mini ƙusa. Tsohuwa ta yi ta kuka a waya sai na dawo gida, shi ne na nemi sallama na dawo Birnin Kebbi. Kuɗin sallamar sun tafi, ba sai na faɗi yadda aka yi ba.

Wata bakwai ke nan ina bin wani yaro mai sa tayil, sa'ar ƙanena na uku. Har yau aikina kwaɓa siminti, jiƙa tayil a duro, hawa bene da kwali. Sau biyu kacal ya bar ni na sa, shi ma a sito. Jiya a gaban leburori ya ce, "Baba Soja, kwaɓin nan ya yi ruwa." Ni da na jagoranci maza cikin daji. Yanzu surukina ya gama gini a Badariya, ɗaki biyu da falo da banɗaki biyu, ya ce in zan iya ya ba ni. In karɓa?

Baban Khalifa: Karɓi abinka, Oga Saje. Da koyo akan iya. Wanda ya kwance bindiga ya haɗa, tayil ne zai gagare shi?

Bala Mai Tayil, Jega: Yallabai, kar ka karɓa. Shekara 16 ina wanga aiki. Amsa mini ɗaya: ɗaki ƙafa 12 da 12, kwali nawa na tayil mai santimita 60 da 60 zai ci? Kowane kwali tayil huɗu ne a ciki, murabba'in mita 1.44. Ɗakin ya ɗan haura mita 13, kwali 10 ke nan, ka ƙara ɗaya don yanka da fashewa da na gindin bango. In sai da ka tsaya tunani, da sauranka. Kuma falo ba komai ba ne, banɗaki ke tona asirin mai tayil. In ba ka karkatar da daɓen zuwa magudana ba, ruwa zai kwanta bakin ƙofa, kullum matar gidan ta ɗauki tsintsiya sai ta ambaci sunanka. Gidan suruki kuma!

Tsohon Saje: Malam Bala, lissafi ba ya ba ni tsoro, na riƙe sito a bariki. Kuma ina kallon yadda yake jan igiya yana ɗora lebur na gwada daidaiton daɓe. Ido ma makaranta ne.

Bala Mai Tayil, Jega: Ido ba ya jin nauyin gudumar roba. Da munka koya hannun mutanen Kwatano da Togo, shekara guda cur ban taɓa cokalin gini ba. Abin da yaron nan ya faɗa maka gaskiya ne: kwaɓi in ya yi ruwa tayil nutsewa yake, wani ya hau wani ya sauka. In kuma simintin bai cika bayansa ba, ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, wata shida ya tsage. Girman kai ne ke cinka, ka yi haƙuri da maganata.

Maman Ummi: Hmm, kun tuna mini. Wanda ya yi mana namu ya karɓi rabin kuɗi, ya sa falo, ya ce zai je Argungu biki. Sallah biyu ke nan. Kwali shida ya ɓata da yanka, da muka koma kasuwa kalar ta ƙare, yanzu falona kala biyu ne kamar zanen 'yar tsana. Masu tayil ku ji tsoron Allah.

Bala Mai Tayil, Jega: Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku ma masu gida araha kuke bi.

Kofur Zuru: Oga sa, ni abin da ban gane ba, ba ka je Oshodi ba? Cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a tana can Legas. Ni kiwon kaji na koya, dud da kajin sun ƙare a zafin Afrilu. Mu da muka ba ƙasar nan ƙuruciyarmu, yau yara ke aikenmu. Allah ya isa kawai.

Tsohon Saje: Maganar Oshodi doguwa ce, mu bar ta.

Malam Nasiru: Duk kun tsallake gwiwar. Aikin tayil a durƙushe ake wuni. Mutumin da sanyi ke hana shi barci? Ka nemi fadama ka yi shinkafar rani, ko gadi a ma'aikata, tsofaffin sojoji ake nema.

Tsohon Saje: Gadi kam a'a. Na gaji da kwana a tsaye don wani ya yi barci. Gwiwa kuma ina ɗaure ta, ina shimfiɗa kwali in durƙusa.

Baban Khalifa: To ka karɓa, ka ɗauko ogan naka ya yi banɗakunan, kai ka yi ɗakuna.

Bala Mai Tayil, Jega: Ya ɗauko shi a matsayin wa? Mai koyo zai biya ogansa? Injin yanka ma na waye?

Tsohon Saje: Na yaron ne. Ban gaya masa zancen ba tukuna. Gaskiya dai na riga na ce wa surukin to tun ranar Juma'a, har an sauke tayil ɗin. Cewa na yi ko akwai mai ba ni aron inji na sati biyu.

Maman Ummi: Au, ashe ka riga ka karɓa.

Bala Mai Tayil, Jega: Tayil ɗin wane iri aka sauke, mai shan ruwa ko mai ƙarfin nan da ba a jiƙawa?

Tsohon Saje: Fari ne mai ƙyalli. Zan duba kwalin gobe.