Jidda zuwa Madina da Hajiya: jirgin sama ko na ƙasa?

Ɗan Sharafiyya: Assalamu alaikum jama'a. Hajiyata ta iso Umra, gwiwa na damunta, zama mai tsawo ba ya mata daɗi. Ina son kai ta ziyara Madina daga nan Jidda, daga can mu wuce Makka. Na ga jirgin sama awa ɗaya ne kacal. Ku ba ni shawara.

Direban Sharamansur: Wa'alaikumussalam. Awa ɗayan nan a sama ce kawai, ɗan'uwa. Sai ka ƙara zuwa filin Sarki Abdul'aziz da wuri, layin bincike, jiran kaya a can. Kafin ka ga ƙofar masauki awa huɗu ta tafi. Ta mota kilomita 420 ne ko kusa da haka, awa huɗu zuwa biyar idan an tsaya sallah da shayi.

Hajiyar Misfala: Ɗana, ka ɗauki jirgin ƙasa na Haramain. Tun da aka buɗe shi a 2018 na daina wahalar da tsofaffina. Daga tashar Sulaimaniyya ta Jidda zuwa Madina bai cika awa biyu ba, gudun kilomita 300 yake a awa. Abin da ya fi burge ni, tsohuwa na iya miƙewa ta ɗan taka, ta shiga banɗaki, ta dawo ta miƙe ƙafa. Bara na kai yayata, tana riƙe da kofin shayi har muka wuce Rabig bai zube ba, tana ta salati tana kallon duwatsu ta taga.

Ɗan Sharafiyya: Allah ya saka, Hajiya. Kaya fa? Akwai jakunkuna uku, har da tsarabar da aka ɗora mata daga Kano.

Hajiyar Misfala: To nan ne matsalar. Jaka babba ɗaya da ta hannu ake ba kowa. Ka bar sauran a gida, ai Jidda za ku dawo.

Direban Sharamansur: Bas dai kar ka saka ta. Na taɓa tura surukata a wata bas, suka tsaya a hanya na'urar sanyi ta mutu, ta iso ƙafafu a kumbure. Har yau abin na cikin raina.

Malamin Madina: Ka tuna Makka ba ta da filin jirgi. Idan kun dawo ta sama, Jidda za ku sauka ku sake neman mota. Jirgin ƙasa kuwa daga Madina har tashar Rusaifa a Makka, awa biyu da rabi. Sai dai mikatinku Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, kusa da Madina sosai. Ku yi wanka ku shirya tun a masauki, kai ka ɗaura harami, kar a zo mikati kana neman zane a jaka.

Ɗan Sharafiyya: Na gode Malam. Na yanki tikitin jirgin ƙasa na safiyar Talata, na zaɓar mata kujerar taga.

Hajiyar Misfala: Ka nemi keken guragu a tasha, tafiyar cikinta da nisa. A gaida Hajiya, ta sa mu a addu'a a Raula.